Hauren da Aka Hana a Cire wa Luba

Duk wanda na fara ba wannan labari sai ya tare ni da, "Kulu, ki yi haƙuri, kwana ne ya ƙare." Na sani. Ba da Allah nake jayayya ba, astagfirullah. Amma ƙanwata Luba ba haɗarin mota ta yi ba, ba wurin haihuwa ta tafi ba. Haure ne, haƙori guda ɗaya, kuma muna zaune kewaye da ita muna kallo. Tunda in na buɗe baki ana tare ni, na ce bari in rubuta, ko wata mai ciki ta tsira.

Ni ce babba a ɗakinmu, ina aure a Anka, ina ɗinki. Luba ce auta. An kai ta wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, gidan Garba, manomi mai ɗan kiwo, mutumin kirki, ba ni da abin faɗi a kansa sai sanyi. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida Nasarawa Burkullu goyon ciki, wurin Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, don haka maganar gidan tana hannun ƙanwarsa, Gwaggo Hajo. Ita ta yi wa Inna wankan jegonmu duka, ita ta yi mini nawa. Hannunta yana da albarka, wannan ba zan ɓoye ba. Amma in ta yanke magana, to an gama.

Da damina na je duba Luba, na kai mata 'yan rigunan jinjiri da na ɗinka. Muna cin dafaffiyar masara na lura da gefe ɗaya take tauna.

"Ke, mi as same ki?" na tambaye ta.

"Wani haure ka hito min can ƙurya, Yaya," ta ce tana dariya. "Ni da ka shirin haihuwa, ni ka hidda haure kamar jinjiri."

Muka yi ta dariya, har na ce sai mu nemo mata layar haƙori. Turmin ƙarshe ne, wanda ke fitowa bayan mutum ya girma, wasu na ce masa haƙorin hankali. Nawa sun fito ban ma san ranar ba. Nata na ƙasa ne ta hagu. Ta ce dasashi ya rufe rabinsa, abinci na maƙalewa a wurin, in ta taɓa da harshe tana jin zafi har cikin kunne.

Satin farko kanumfari aka sa mata, da kurkure baki da ruwan bagaruwa. Sati na biyu wata maƙwabciya ta rantse tsutsa ce a ciki, aka kawo wasu 'ya'yan itace aka zuba a garwashi, aka lulluɓe Luba da zane ta buɗe baki hayaƙi na shiga. Mace da tsohon ciki! Ta fito tana tari idanu jawur, aka nuna mata wasu fararen abubuwa a cikin ruwa wai tsutsotsin ne suka faɗo. Garba ya sayo kafso a kemis, ta sha kwana biyu ta ji dama, sai Gwaggo ta ƙwace sauran ta ce kafso yana dafa ɗa a ciki.

Da na koma, kuncinta na hagu ya tasa kamar ta ɓoye goro. Ranar awo ce, na ce ni zan raka ta. A ɗan asibitin da muka je, wata malamar asibiti, Allah ya saka mata da alheri, bayan ta gama auna cikin ta haska bakin da fitilar waya. Ta ce wurin ya fara tara mugunya, nan ba su da likitan haƙori, mu tafi birni kada mu yi wasa. Na ce ai ciki gare ta. Ta ce ciki ba ya hanawa, likitan ya san abin da zai ba mai ciki da abin da ba zai ba ta ba.

Na dawo gida da maganar nan da zafinta. Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba a hidda ma mai ciki haure," ta ce. "In anka hizge shi, ɗan da ac ciki shi ka biyo shi. Kuma wanga na ƙurya, jijiyarshi haɗe take da ta ido. Kin mance da Tanko makaho? Haure anka cire mai a Gummi."

Tanko kuwa kowa ya san sai da ya tsufa tukuf yanar ido ta rufe masa gani, an fi shekara nawa da cire masa haƙorin. Na faɗi haka. Gwaggo ta ce to ni da na zama likita a kan keken ɗinki, in bari ta gama magana. Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na aika wa Garba, ya aiko cewa abin da manya suka ce shi ke nan. Raina ya ɓaci, na shiga ɗaki na ce wa Luba ta tashi mu tafi, kome za a yi a yi.

Ta riƙe mini hannu. "Yaya, bari in haihu. Saura kaɗan. In ɗan ga ya hwaɗi saboda haurena, mi zan ce ma Garba? Ni iya daurewa."

Haka aka tsoratar da yarinyar nan har ta zaɓi ciwo. Ta kuwa daure. Sati-sati kumburin ya sace ya dawo, ya sace ya dawo, ta koma koko da fura saboda tuwo ya gagara. In an tambaye ta sai ta ce da sauƙi.

Ta haihu lafiya, mace, ja mai gashi. Na zo washegari da murnata, ina shiga ɗakin murnar ta koma ciki. Bakin Luba ba ya buɗuwa sai kamar yatsa biyu, kuma akwai wani wari da turaren wuta bai rufe ba. Na ce to alhamdulillahi, cikin da ake tsoro ya sauka, sai a nemo mota.

"Da ɗanyen jiki?" in ji Gwaggo. "Ina kika taɓa ganin mai jego ta hita kahin arba'in, har a zubda mata jini? Ki bar ni da ita. Ruwan zahi ba abin da bai fasawa."

Wanda bai san wankan jego a wajenmu ba, ruwa ake tafasawa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa wa mai jego, sannan ta kwanta a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Gwaggo ta ƙara da nata. In an gama wankan sai ta tsoma tsumma a ruwan, ta matse, ta danna a kuncin Luba da ƙarƙashin haɓarta, ta yi ta gasawa. Luba ba ta kuka, sai dai ta damƙe gefen kujera. Da zuciya ɗaya Gwaggo take yi, hannunta har ya sale saboda zafin ruwan. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, don ban ga mugu ba balle in zage shi.

Bayan 'yan kwanaki kuncin ya ɗan saɓe, kumburin ya gangaro ƙarƙashin muƙamuƙi, ya tsallaka ɗaya gefen. Gwaggo ta kira Inna da murna.

"Kin gani? Ya sabko. Hanyar hita shi ka biɗa."

Mata suka yi ta hamdala. Ni ma, wallahi, na so in yarda. Na taɓa wurin na ji shi tauri kamar icce, ba laushi ko kaɗan. Kunun kanwa da ake dama mata da cokali ake ɗura mata, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ga zazzaɓi, aka ce ai na ruwan nono ne, kowace mai jego tana yi.

Ranar suna wanzami ya zo aske jinjira, aka ce tunda ya zo ya taimaka. Ya yi mata tsaga a ƙarƙashin haɓa ya kafa ƙaho. Baƙin jini ya fito, mugunya ko ɗigo. Aka ce mugun jini ya fita. Aka yi wa Luba kwalliya da atamfar da na ɗinka mata, aka naɗa mata mayafi har wuya don kada baƙi su gani, aka jingina ta da bango saboda in ta kwanta numfashi gagararta yake. Yawu na zuba tana sharewa da gefen mayafi. Jinjira ta ci sunan Inna, mata na shigowa suna barka, ana ta rabon tuwo.

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Luba, ya jikin?" Ta yi magana ban gane ba, muryar kamar bakinta cike da tuwo mai zafi. Na kai kunne. Cewa take, "Yaya, harshena ya cika min baki."

A nan na haukace. Na fizge mayafin a gaban kowa, na ce ku duba, ku duba abin da kuke rufewa! Gwaggo ta ce ba ni da kunya. Na ce eh, yau ba ni da ita. Na fita har zaure inda maza suke, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kan Garba.

"Garba, matarka mutuwa za ta yi. In kai ba ka iya ɗaukarta, ni zan goye ta in tahi da ita a ƙasa."

Ya tashi ya shiga, ya dube ta, sai ya ɗauki salati. Ashe tunda ta haihu bai gan ta da rana ba, saboda kunyar gidan surukai. Nan take ya je ya tayar da babur. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa iska zai shige ta, Inna kuwa, ranar ce kaɗai na ji ta ɗaga murya, ta ce, "Hajo, ba su hanya."

Muka sa Luba a tsakiya, Garba na tuƙi ni ina riƙe da ita ta baya. Jinjira muka bar ta a gida. An yi ruwa da safe, hanya ta zama taɓo, wani wurin sai mun sauka ya tura babur ni kuma ina tallafe da ita. Kowane rami muka faɗa sai na ji wani ƙara a maƙogwaronta kamar ana jan zare a busasshen ƙyalle. Da ƙyar muka kai titi muka sami mota.

Asibitin farko mun tarar da layi har waje, ga yankan kati, ga mai katin ya tafi salla. Na yi ta roƙo ba wanda ya dube ni, kowa da nasa ciwon. Wani ma'aikaci ne ya zo wucewa ya ji numfashinta, ya ce a shigo da ita yanzu. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a. Suka sa mata ruwa, suka yi mata allurai, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a birni. Motar asibiti akwai, mai ne babu. Ruwa, allura, auduga, har safar hannu mu muka saya. Garba ya buga waya gida a sayar da san nomansa, ana tsakiyar aikin gona, aka saye shi a wulaƙance.

A babban asibitin likitan da ya karɓe mu ba yaro ba ne, ba tsoho ba, yana jin Hausa sosai. Ya taɓa wuyan, ya dubi tsagar, ya dubi fatar da ta sale.

"Wa ya gasa mata wuta a nan?"

Na ce wankan jego ne. Ya tambayi tun yaushe, na ce tun tana da ciki. Sai ya ce mugunyar ta bar haƙorin ta sauka ƙarƙashin harshe, tana tura harshen sama tana toshe hanyar numfashi. Saukowar da muka yi wa hamdala, ita ce mafi munin abin. Ya ce za su huda maƙogwaro su sa mata bututun numfashi, su tsaga ƙarƙashin haɓa su zubar da mugunyar. Cire haƙorin kuma sai Luba ta ɗan yi ƙarfi.

Ban iya haƙura ba, na ce, "Likita, don Allah, in an cire na ƙurya ido yana mutuwa? Kuma mai ciki in an cire mata, cikin yana zubewa?"

Ya ce, "Ido da haƙori kowa da hanyarsa. Masu ciki kuwa muna duba su kullum. Da kun kawo ta lokacin, a kujera za mu yi aikin nan, ta koma gida ranar."

A kujera. Ta koma gida ranar. Har yau in ina taka keke maganar nan na dawo mini, sai in ga na karkace ɗinki. Garba da ke tsaye a bayana ya juya ya kifa kai a bango.

An yi aikin. Abin da aka zubar daga wuyan yarinyar nan ba zan kwatanta ba. Kwana biyu na farko sai muka ga kamar an dace, kumburin ya ragu, idonta ya washe. Magana ce babu saboda bututun. Ni ke kwana da ita, a ƙasa kan tabarma, Garba a waje ƙarƙashin bishiya da sauran masu jinya. Kullum da takardar magani sabuwa, wani akwai a ciki wani sai an fita gari. Masu jinyar gadon kusa da mu, mutanen Gummi, su suka riƙa ba ni abinci, ba su san ni ba ban san su ba.

Abin da ya fi karya mini zuciya nono ne. Ya cika ya yi tauri, yana jiƙa mata zane. Ni nake tatsewa a kofi in zubar. Duk lokacin da nake tatsa sai ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji tana jijjigawa, tana kallona. Na ce na gane, za a kawo jinjirar.

Inna da Gwaggo suka zo da jinjirar. A nan dole in faɗi gaskiya, Gwaggo ce ta raya yarinyar nan. Ita ta riƙa yawo da ita gida-gida wurin masu shayarwa, ita ke goyonta, ta rame kamar ita ce mai ciwon. Da ta shigo ɗakin ta ga bututu a wuyan Luba, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Aka ɗora wa Luba 'yarta a ƙirji. Ta shinshina kanta, ta buɗe 'yan yatsun tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Likita ya hana shayarwa. Jinjira na ta laluben nono da baki, uwar na hawaye ba sauti.

Daga ranar zazzaɓin ya dawo da ƙarfi. Aka canza allurai, aka ƙara jini, Garba ya ba da nasa. Likita ya kira ni gefe ya ce ciwon ya gangara ƙirji ya shiga jini, suna iya ƙoƙarinsu, mu yi addu'a. Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Ku da za ku karanta wannan, ga abin da na koyo a bakin gadon nan. Ba kowane haƙorin ƙurya ake cirewa ba, in ya fito daidai ba ya ciwo a bar shi. Amma in dasashi ya kumbura, baki ya fara ƙin buɗuwa, ko kumburi ya sauko wuya, kada a jira haihuwa, kada a jira arba'in, kada a gasa, kada a kira wanzami. Ba tsutsa a ciki. A ɗauki mutum a tafi, ko wa zai yi fushi ya yi. Fushin gwaggo yana hucewa.

Da hantsi ta cika, ranar wata Laraba. Ina riƙe da hannunta, Inna na yi mata kalmar shahada a kunne. Ta ja numfashi ta bututun nan sau ɗaya mai tsawo, muka jira na biyu bai zo ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta shafe mata idanu, ta ɗauki jinjira ta fita.

Da rai ya fita jikin ya saki, bakin nan da ya daɗe a kulle ya buɗe da kansa. Gwaggo ta kwance ɗankwalinta ta yage gefe za ta ɗaure mata haɓa, kamar yadda ake yi. Na riƙe hannunta.

"Tsaya, Gwaggo. Duba tukuna."

Ban faɗa da faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare. Na karkata kan Luba wajen hasken taga. Duk tsawon ciwon nan ba wanda ya taɓa ganin hauren a cikinmu, ni ma sai ranar. Yana can ƙurya, a kwance ya jingina da na kusa da shi, rabinsa a cikin dasashi. Fari tas, ko huji babu. Bai kai ƙwayar masara ba.

Gwaggo ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Bakinta na motsi.

"Wanga ne?" ta ce. "Kulu, wanga ɗan abin ne?"

Na ce shi ne.

Ta sa hannu ta rufe bakin a hankali, ta zagaya ƙyallen ta ƙarƙashin haɓa. Ta kasa ƙullawa, sai ni na ƙulla. Ba a cire hauren ba har ƙarshe. Da shi aka kai ta.